Ranar da Na Zaɓa wa Surukina Hedifon

A gidan da aka kawo ni aure a Rano akwai waya guda ɗaya da ba a shanya a kanta. Ta fito ta tagar ɗakin surukina, ta haye rufin madafa, ta je ta ɗaure a reshen darbejiyar da ke bakin rijiya. Kwanana uku da fara fitowa tsakar gida na wanke zannuwana na ɗora mata, ina murna na samu igiya mai tsawo. Sai ga uwar mijina, wadda muke kira Inna, ta fito da sauri har ɗankwalinta yana zamewa.

"Ke 'yar nan, sauke! Sauke kafin ya gani! Wannan ai kunnen rediyonsa ne."

Ban gane ba a lokacin, amma na sauke.

Baba, haka kowa yake kiran surukin nawa, ya yi aiki da ƙuruciyarsa a wani kamfanin yin hanya. Shi ne mai zama a gaban oba-oba, wato rediyon da ma'aikatan daji suke magana da na ofis. Kamfanin ya tashi tun ba a haife ni ba, amma Baba bai daina saurare ba. Yana da wata baƙar rediyo mai maɓallai birjik, wadda ba mai taɓawa. Ko gogewa shi yake yi da kansa da wata tsohuwar hula. Yana jin labarai kamar kowane dattijo, amma abin da ya fi so shi ne waɗanda yake kira masu hira a iska. Mutanen wasu ƙasashe ne da suke da nasu injin magana a gida, suna kiran juna daga nesa don nishaɗi kawai. Shi ba ya magana da su, saurare ne nasa.

Wata rana na ji mijina ya tambaye shi, "Wai Baba, me suke faɗa ne haka kullum?"

"Wannan ya ce kana ji na, wancan ya ce ina jin ka. Sai kuma ya tambaye shi ko ana ruwa a garinsu."

"Shi ke nan?"

"To kai da abokanka na tasha me kuke faɗa da ya fi wannan?"

Ga wanda bai saba ba, abin ba ya kama da magana. Da farko shuuu ne, kamar an zuba ɗanyen kifi a mai mai zafi. A cikin shuu ɗin sai ka ji kamar agwagi suna faɗa. Baba ya yi ta murɗa wani ɗan maɓalli a hankali, a hankali, wai har agwagwar ta zama mutum. Wani lokacin kuma ba murya, sai tit-tit-tiii, tit-tiii, ya ce wannan ma magana ce, da can yana iya karanta ta. Matsalar ita ce kunnen Baba ya fara nauyi. Kullum sai ya ƙara wa rediyon murya, har ta kai daga hantsi zuwa azahar, daga la'asar zuwa magariba, in za ka ce a miƙo maka ludayi sai ka ɗaga murya kamar mai kiran wani a gona.

A cikin haka na samu ciki. Na je gida Fammar, can ƙasar Kibiya, na haihu, na yi wankan jego, bayan arba'in aka dawo da ni da 'ya mace. 'Yar fari ce. Ranar da zan taho mahaifiyata ta zaunar da ni ta maimaita min abin da na riga na sani. Ba a kiran sunan ɗan fari. Ba a yi masa wasa a gaban manya. In an tambaye ki lafiyarta, ki sunkuyar da kai, wani ya amsa.

"Na san 'yan matan yanzu," in ji ta, "har hoto suke ɗauka da yara a waya suna nuna wa duniya. Ke dai kada ki je gidan mutane a ce ban ba ki tarbiyya ba."

Na riƙe. In yarinyar ta yi kuka a gaban Inna sai na yi kamar ban ji ba, har sai an ce, "Ke, ɗauke ta ki ba ta." Abin bai yi min wuya ba, don ba ta cika kuka ba. Daga nan ne kuma tsorona ya fara.

Wata uku, wata huɗu, yarinya tana barcinta agwagin Baba suna kururuwa a kanta. Damina ta sauka, aka yi wata tsawa da ta sa akuyar Inna ta tsinke igiya, ita kuwa ko motsi. Kowa yabo yake. Inna ta ce ba ta taɓa ganin jaririya mai haƙuri irin wannan ba. Baba, da yake jikarsa ce, amaryarsa yake kiranta, ya ce, "Amaryata ce kaɗai ba ta ƙorafi a gidan nan." Ni kuwa duk yabon da aka yi sai tsorona ya ƙaru. Ina da kawu a Fammar, ƙanin mahaifiyata, wanda aka haifa kurma. An ce shi ma haka aka yi ta yabon haƙurinsa har sai da ya shekara biyu.

Sai na fara gwaji a ɓoye. In na kwantar da ita a tabarma, na zagaya bayanta na saki murfin tukunya. Wani lokacin ta ƙifta ido, wani lokacin ko a jikinta. In ta ƙifta, sai na ce ai iskar murfin ce ta taɓa ta. In ba ta ƙifta ba, sai na ce ai rediyo ce ta danne ƙarar. Ko ta ina dai ban samu abin riƙewa ba. Na yi tafi, na kaɗa makullai, na buga faranti da cokali. Inna ta ce, "Wai man shanu kike shafa wa hannun nan naki ne? Komai sai ya suɓuce." Na ce a yi haƙuri.

Mijina direban adaidaita sahu ne, in ya fita da safe sai yamma. A ɗaki na faɗa masa. Ya yi dariya ya ce, "Gado ne. Ni ma a cikin shuu ɗin nan na girma, ko ganga aka kaɗa a kaina ba na tashi." Na ce mu kai ta a duba. Ya ce to, na faɗa wa Inna, ai ita ce mai raka ni asibiti. Nan maganar ta tsaya. Da wane baki zan tsaya a gaban uwar miji na ce na damu da 'yar fari? Ranar rigakafi ma da muka je, Inna ce ta riƙe ta, ita ta amsa duk tambayoyin ma'aikaciyar. Ni ina gefe ina kallon yatsun ƙafata har aka gama muka dawo gida.

Inna ce ta ta da rigimar rediyon, kuma ba don ni ba. Wata la'asar ta sallame salla ta nufi tagar Baba da carbi a hannu.

"Malam, yau sau biyu ina ƙabli da ba'adi. Ban san raka'a nawa na yi ba saboda agwagin nan naka. Ko su ko ni a gidan nan."

"To ai su ba sa cin tuwo," in ji Baba.

"Sai su tuƙa maka."

Washegari mijina ya biya wurin wani mai gyaran rediyo a bakin kasuwa, tsohon abokin Baba, ya dawo da hedifon kala uku a leda, wato abin da ake sawa a kunne mutum ya ji shi kaɗai. Mai gyaran ya ce a gwada, a ɗauki wanda ya yi, a mayar masa da sauran. Baba ya yi dare biyu yana sa wannan yana cire wancan, da rana kuma agwagi suna nan yadda suke. A rana ta uku da hantsi na ji ya kira Inna.

"Ni fa duk ɗaya nake jin su. Kira min yarinyar nan, ita ce mai kunne a gidan nan. Ki ce mata ba daɗi nake nema ba, wanda ya fi fito da magana nake so."

Ashe yana lura da ni. Ya san cikin duk adaidaitar da ke wucewa ta layinmu ina gane ta mijina tun daga kwana, na tashi na zuba ruwan wanka. Kuma ni ce na taɓa faɗa wa Inna cewa wani zzzz da yake damun rediyon ba ya zuwa sai mai cajin waya na bayan gidanmu ya ta da janareta. Inna ta kai masa, ya sa ido ya ga haka ne.

Sai dai ni ban taɓa shiga ɗakin Baba ba, ban taɓa zama a gabansa ba. Gaisuwa ma daga bakin ƙofa nake durƙusawa. Inna ta yi dabara. Ta shimfiɗa min tabarma a waje, ƙarƙashin taga, Baba yana ciki da rediyonsa, aka zuro igiyar hedifon ta tsakanin ƙarafan tagar. Ita kuma ta ja kujera 'yar tsugunno ta zauna a tsakani, wai ita ce mai kai saƙo, alhali tsakanina da shi bai fi kamu uku ba. Yarinyar tana goye a bayana tana barci.

Baba ya cusa kan igiyar a jikin rediyo, sai ɗif. Ban taɓa jin gidan nan haka da rana ba. Na ji kurciya a kan darbejiya. Na ji sauran ruwan da aka yi da asuba yana ɗiga daga indararo cikin bokiti. Na ji wata mata tana daka a gidan gaba.

"Ikon Allah," in ji Inna. "Ashe muna da maƙwabta."

Na farko ƙanana ne, irin iyafis ɗin da samari suke cusawa a kunne. Na ɗaga ɗankwali na cusa. Akwai hadari can wajen kudu, kuma duk walƙiyar da aka yi a nesa sai ta shigo rediyon da ƙarar kas-kas. Wannan iyafis kuwa kai tsaye yake kai ta cikin kai kamar allura. Na zabura.

"Inna, a ce masa wannan yana suka."

"Ta ce yana suka."

"Na ji ta," in ji Baba. "Kunnena nauyi ya yi, ba mutuwa ya yi ba. Ba ta na biyu."

Na biyu ƙato ne, ja, mai taushi kamar matashin kai, ya rufe kunne ruf. Shi ne wanda mijina ya fi so, ya ce in Baba ya sa shi zai yi kama da matuƙin jirgi. Da kiɗa aka sa min a ciki na san da ya yi daɗi, don komai nasa gum-gum ne, har cikin ƙirji. Amma mutumin da yake magana sai ya koma kamar wanda ya zura kai cikin randa. Shuu ɗin ya yi kauri ya hau kansa. Ga shi kuma na ga bakin Inna yana motsi ban ji komai ba. Na yi sauri na cire, don abin da ya zo min shi ne ko haka duniya take a wurin wadda ke bayana.

"Inna, a ce masa wannan na kiɗa ne, yana binne magana. Kuma in ya sa shi ba zai ji kiran salla ba."

"Ba zai ji nawa kiran ba dai," in ji Inna. "A mayar da shi."

Na uku ko kallonsa ban so yi ba. Tsoho ne, baƙi, soson kunnensa ya sha jiki, an naɗe gefe ɗaya da salatif. Mai gyaran ma cewa ya yi ya saka shi ne don su cika uku. Na ɗora a kai. Ba nauyi, ba gum-gum, ba suka. Muryar siririya ce kamar ta waya, amma ita ce a gaba, shuu ɗin yana baya.

"Inna, a ce masa wannan ya fi."

"Tsaya tukuna," in ji Baba ta taga. "Kin san rariya? Ta tankaɗen gari?"

Na gyaɗa kai, ko da yake ba ya ganina.

"To rediyon nan ma tana da tata. Yanzu mai manyan ido na sa, tsaki da dusa duk suna wucewa. Bari na sa ta laushi. Ki faɗa min in ya yi yawa, don in idon ya cika ƙanƙanta har garin yake riƙewa."

Ya taɓa wani abu. Shuu ɗin ya ja baya kamar an turo ƙofa a kansa. Ya ƙara, sai muryar ta shaƙe kamar ta mai mura.

"Ya yi yawa, Baba. A koma baya kaɗan."

Sai da maganar ta fita na ankara na tsallake mai kai saƙo. Inna ta kalle ni ta gefen ido. Baba ya koma baya kaɗan, sai ga mutum sak a kunnena. Dattijo ne da alama, yana magana da yaren da ban sani ba. Ya yi tari, ya yi dariya, can bayansa har kare yana haushi. Shekara biyu ina jin agwagi a gidan nan, ban taɓa yarda da gaske mutane ne ba sai ranar.

Motsin da nake ta yi ya ta da yarinyar. Na kwance goyo na zaunar da ita a cinyata, ina kallon wani wuri kamar yadda aka koya min. Na cire hedifon ɗin na ajiye a tabarma ta hagu, ɗan baya da ni, ina jira Baba ya ja igiyarsa. Shi kuwa bai san na cire ba, ya ci gaba da yawo da maɓalli har ya faɗa kan masu tit-tit ɗin nan. Ƙarar da ke fitowa daga soson ba ta kai kukan ɗan tsako ba.

Yarinyar ta daina tsotsar hannu. Ta juya kai hagu.

Na ce a raina katari ne. Na miƙa hannu ta baya, yadda ba za ta gani ba, na ja hedifon ɗin zuwa dama. Tit-tit-tiii. Ta ɗan tsaya, ta ɗaga gira, ta juyo dama har tana neman kifewa. Wannan karon babu iska, babu abin da ya taɓa ta. Na danne soson da tafin hannu, ƙarar ta ɗauke, ta shiga waige-waige tana ɓata fuska. Na ɗaga hannu. Ta juyo, ta wangale baki ta yi dariya.

Ban san lokacin da na ɗaga ta sama ba. Na ji murya tana cewa, "Tana ji! Wallahi tana ji!" ashe tawa ce. Na rungume ta, na sumbaci kunnen hagu, na sumbaci na dama, na kira sunanta sau uku da ƙarfi. Sunan nan kuwa, da yake ranar suna mijina uwarsa ya yi wa takwara, sunan Inna ne.

Gidan da ma shiru ne. Sai ya ƙara yin shiru.

"Na'am," in ji Inna.

Na ja ɗankwali na rufe fuska. Da akwai rami a tabarmar nan da na shige. Ta cikin taga na ji Baba yana dariya har da tari.

"Rabon da na ji an kira sunan nan gatsau haka, tun ranar ɗaurin aurenmu," in ji shi. "Ni kaina ba na iyawa."

"Kai dai yi shiru, Malam." Inna ta jawo kujerarta kusa da ni, ta sa hannu ta janye ɗankwalin daga fuskata. "Dube ni nan. Tun yaushe kike ɗauke da wannan?"

Na ce tun tana wata uku. Na ba ta labarin kawuna. Ina yi ina kuka ina dariya, yarinyar kuma ta cafko igiyar hedifon tana neman kai wa baki.

"Wata biyu cur," in ji Inna tana girgiza kai. "Ni ma fa na yi kunyar ɗan fari. Mijin nan naki har ya yi gemu ban kira sunansa ba. Amma ranar da ya yi ƙyanda babu gidan da ban buga ba a unguwar nan, ko mayafi ban ɗauka ba. Kunyar ba ta kai nan ba, 'yar nan."

"A ba ni kayana kafin amaryata ta cinye," in ji Baba. "Mai salatif ɗin na ɗauka. Ja ɗin nan a mayar wa masu rawa."

Da yamma mijina ya dawo ya tarar da gida tsit, ya tsaya a soro yana tambaya ko lafiya. Inna ta ce lafiya lau, ya dai shirya gobe zai kai mu asibiti, don gwajin tabarma bai isa ba sai masu abin sun duba.

Da safe ya ɗauke mu a adaidaitarsa. Muka bi layi, aka zo kanmu. A bakin ƙofar ɗakin ma'aikaciyar sai Inna ta miƙo min yarinyar, ta samu benci ta zauna.

"Shiga. Ni ƙafata tana ciwo."

Ƙafarta lafiya lau, na ga yadda ta sauko daga adaidaita. Na shiga ni kaɗai. Ma'aikaciyar ta tambayi abin da ke tafe da ni, na fara tun daga kawuna har zuwa jiya, ba ta katse ni ba. Ta leƙa kunnuwan da wata 'yar fitila. Ta zagaya baya ta kaɗa wani abu a hankali, yarinyar ta juya har ta kamo hannun rigarta. Matar ta ce ita dai ba ta ga abin damuwa ba, amma in na ga wani abu nan gaba na dawo, kada na zauna da shi a ciki.

Sai ta ɗauki biro ta ce, "Sunan yarinyar?"

Na waiga. Ƙofa a buɗe take, ga Inna nan a benci, ta tallafe haɓa tana kallon rufi. Na faɗi sunan can ƙasa-ƙasa.

"Ɗaga murya mana, ban ji ba."

"Faɗa mata," in ji Inna daga waje. "Jiya ai har bakin kasuwa an ji ki."